Yaya, maganar bitamin D ɗin da kace in aiko maka

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya su Hajiya da yara, ya sanyi? Na ji saƙonka na murya tun shekaranjiya, aiki ne ya hana ni amsawa, satin nan na dare nake yi. Kace in samo maka kwalba uku ta bitamin D in ba mai tahowa, wai ka ji ance shi turawa suke sha shi yasa mura bata kama su. Wallahi da na ji sai da nayi dariya ni kaɗai a cikin bas, don a daidai lokacin matar da ke kujerar gabana fyace majina take tayi, na bayana kuma yana tari kamar zai fito da huhunsa. Baturen da mura bata kamawa dai ban haɗu da shi ba tukuna a Mancesta.

Amma ba ƙarya aka yi maka gaba ɗaya ba, ana sha, nima ina sha kullum, bari dai in faɗa maka yadda akayi na fara.

Ka tuna a watan Satumba na zo. Lokacin garin da sauƙi, ina ta cika baki a waya wai sanyin da ake zuzutawa bai kai na Jos ba. Ƙarshen Oktoba suka ja agogo baya da awa ɗaya, daga nan labari ya canza. A Disamba rana bata fitowa sai bayan takwas na safe, kafin ƙarfe huɗu na yamma kuma an kira magariba, azahar da la'asar da magariba duk a jere suke zuwa kamar ana koro su, in kayi wasa da alwala ɗaya zaka yi su duka. Ni kuma mai aikin dare, in dawo gida da duhu in kwanta, in tashi duhu ya sake yi. Ranar da ma ta fito ɗin irin fitilar cikin firij ce, ga haske ba zafi, ka tsaya a cikinta haƙoranka suna kaɗawa.

Wajen Fabrairu jikina ya fara wani iri. Gajiya ba dalili, ƙasusuwa suna min ciwo musamman ƙwauri da gadon baya, hawa bene hawa biyu sai na tsaya na huta. Na ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ya biyo ni ya ɓuya, ko taifod, ka san mu komai taifod ne. Da a gida ne da tuni na leƙa kemis ɗin bakin layi an haɗa min na dubu biyu, ko ayi min allura a bayan labule. Nan babu wannan. Kowa yana da asibitin unguwa da yayi rajista, kuma sai ka buga waya takwas na safe daidai ka shiga layi, na'ura tana faɗa maka kai ne na ashirin da kaza, in an ɗauka kuma mai karɓar baƙi ce zata fara yi maka tambayoyi kafin ka samu likita. Kwana uku ina bugawa ana cewa an cike na yau. Da na samu shiga likitar ta dube ni, ta tambaye ni yaushe na zo ƙasar, wane irin aiki nake, da na ce na dare sai tayi murmushi tace aje a ɗibi jini. Bayan kwanaki saƙo ya shigo wayata, bitamin D ɗina ya faɗi ƙasa da 25, wanda a ma'auninsu wannan ƙaranci ne na gaske. Aka rubuta min mai ƙarfi, sau ɗaya a sati har sati shida, daga nan tace in ci gaba da sayen ƙarami da kuɗina. Ganin likita da gwajin jini ban biya ko sisi a wurin ba, amma kar kace kyauta ne, tun wajen neman biza aka karɓi kuɗin lafiya, fam 1,035 ne a shekara ga ma'aikaci, ɗalibi 776, kuma a dunƙule ake biya. Maganin da likita ya rubuta shi ma a Ingila fam 9.90 ne kowane guda ɗaya, a Sikotilan da Wels kuwa ba a biya.

Toh ga yadda abin yake. Shi bitamin D yawancinsa fatar mutum ce take haɗa shi in rana ta taɓa ta, abinci kaɗan yake bayarwa, kifi mai maiƙo irin su titus da sadin, gwaiduwar ƙwai, hanta. Babban aikinsa kuma shi ne taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin kalsiyam don ƙashi da haƙori da tsoka. A ƙasar nan daga Oktoba zuwa Maris rana tana yin ƙasa sosai har irin hasken da fata ke buƙata baya isowa, ko ka tuɓe ka kwanta a fili a banza. Shi yasa tun 2016 hukumar lafiyarsu ta ba kowa shawara ya dinga shan maikirogiram 10 a rana a watannin sanyi, a jikin kwalba zaka ga an rubuta 400 IU, duk ɗaya ne. Mu masu baƙar fata da Indiyawa da ƴan Pakistan kuwa cewa akayi gara mu sha duk shekara, don fatarmu tana tare hasken, abin da ke kare mu a ranar Kano shi ne ya zame mana cikas a nan.

Ciwon ƙashi ya tafi, ƙarfi ya dawo, wannan na gani da idona. Mura kuwa? Sanyin da ya biyo baya ina sha ban tsallake ko kwana ɗaya ba, sau biyu ta kwantar da ni.

Abin ya dame ni na tambayi wani ɗan Zariya da muke salla tare, yana karatun digiri na uku a fannin lafiya, shi ya zaunar da ni bayan Juma'a ya warware min. A 2017 wasu masana a ƙarƙashin Farfesa Adrian Martineau na jami'ar Queen Mary a Landan sun tattara gwaje-gwaje 25 da akayi a kan mutum wajen dubu goma sha ɗaya, suka fitar a mujallar likitoci ta BMJ cewa masu shan bitamin D haɗarin kamuwarsu da mura da ciwukan ƙirji ya ragu da kusan kashi 12 cikin ɗari. Jaridu suka ɗauka suka yayata, daga nan maganar ta bazu duniya har ta iso wayarka. Amma abin da ba a cika faɗa ba, a lissafinsu sai mutum 33 sun sha kafin ɗaya ya tsira daga mura ɗaya, kuma waɗanda suka fi amfana su ne masu ƙarancinsa sosai, irina a wancan Fabrairun, sannan masu sha kaɗan-kaɗan kullum ko duk sati, ba masu zabga babba lokaci ɗaya ba. Da aka ƙara gwaje-gwaje aka sake lissafi a 2021 sai amfanin ya ƙara ƙanƙancewa. A 2022 aka fitar da sakamakon wani da akayi a nan Birtaniya da mutum 6,200 lokacin korona, ba a ga ya hana korona ko mura ba. A shekarar dai aka fitar da na Norwe, inda aka ba mutum fiye da dubu talatin da huɗu, wasu man hantar kifi mai bitamin D, irin man kifin nan da Hajiya take ɗura mana muna kuka, wasu kuma man banza, shi ma ba bambanci. Kaga kenan in jikinka yana da isasshe, ƙari ba zai zame maka garkuwa ba.

Yanzu kai da kake wuni a kasuwa, kana hawa babur da rana tsaka, wuyanka da hannunka har sun fi fuskarka baƙi, in aiko maka da bitamin D ai kai goro Gwanja ne. Murar da kake yi duk Disamba ta hunturu ce, ƙura da bushewar hanci da cunkoson mutane a ɗaki an rufe taga, ɗaya yayi atishawa kowa ya ɗauka. Takunkumin fuska a kan babur da wanke hannu zasu fi maka kwalba uku.

Kayan dai akwai su kamar ƙasa, wannan kam ba a magana. Ka shiga Boots ko Superdrug ko Holland & Barrett, ko ma manyan kantunan abinci irin Tesco da Aldi, kanta guda ta bitamin ce zalla, na haɗiya, na tsotsa, na fesawa a baki, na ɗigawa jarirai, har da mai kamar alawa na yara. Wanda kantin ya sa sunansa a jiki, na wata uku, bai kai fam uku ba, na gefensa mai kwali mai ƙyalli da hoton rana ya ninka shi sau huɗu ko biyar, ka juya baya ka karanta abu ɗaya ne a ciki. Farko mai tsadar na saya, irin tunanin gida cewa mai araha jabu ne. Nan ba haka bane, wannan yana cikin abin da na yaba musu, ba ka tsayawa kankare kwali kana tura lamba don ka tabbatar. Abin da nake dubawa kawai shi ne jelatin, don masu taushin nan irin kafso da na alawar wani lokaci da na alade ake yi, sai in ɗauki ƙwaya busasshiya ko wanda aka rubuta na masu cin ganye. Shi kansa sinadarin yawanci daga maiƙon gashin tumaki ake ciro shi, wannan ma da na ji sai da na riƙe baki.

Inda zaka sha mamaki shi ne in murar ta kama ka. Ba mai sayar maka da amoksilin ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da takarda, kuma likita ba zai rubuta don mura ba, zai ce bairos ne, maganin baya taɓa shi, kaje ka sha ruwa ka kwanta ka sha farasitamol. Ranar farko haushi ya kama ni, na biya wannan uban kuɗin biza ace min in sha ruwa? Amma kwana bakwai zuwa goma ta tafi da kanta, daidai kwanakin da take yi a gida bayan na shanye haɗin kemis mai kala biyar. Shi farasitamol ɗin ma a kanti ƙwaya 16 ne a kwali, kuma ba zasu sayar maka fiye da kwali biyu ba, na taɓa ɗaukar huɗu na'urar biya ta ƙi, ma'aikaciya ta zo ta kwashe biyu tana ba ni haƙuri. Mu da ake ba mu katon guda in muna da kuɗi.

Ita kuma babbar murar da suke kira fulu, mai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da take kashe tsofaffi, ba da bitamin suke tarar ta ba, allurar rigakafi ake yi duk shekara daga kaka. Kyauta ce ga ƴan 65 zuwa sama da masu ciki da masu asma ko suga, yara kuma a makaranta ake fesa musu a hanci. Na fesawar akwai jelatin na alade a ciki, shi yasa iyaye Musulmi da yawa suke cike takarda ayi wa nasu ta allura. Sauran mu sai ka shiga kantin magani ka biya a tsira maka a dantse, minti biyar an gama.

Wadda nake tunani a gidan ba kai bane, Hajiya ce. Tunda ƙafar nan ta matsa mata daga ɗaki sai falo, in ta fito ma a lulluɓe, haka Anti tunda kuka koma gidan sama ba tsakar gida. Irinsu ko a Kano suna iya samun ƙaranci, rana tana waje su suna ciki. A dinga shimfiɗa wa Hajiya tabarma da hantsi ta sha rana a hannu da ƙafa, in zata koma asibiti kuma a tambayi likitanta ko za a gwada, kar a fara bata komai sai ya ce, tunda tana shan na hawan jini. Maganar ƙafar autanka da kace kamar tana yin gwame, kar ka ɗora ta a kan bitamin D kai tsaye, binciken da likitoci sukayi a Jos aka buga a 1999 ya nuna yaranmu masu wannan matsalar yawanci kalsiyam ne ya yi musu kaɗan a abinci, ba rana ba. A kai shi a duba, a ƙara masa nono da madara da ƙananan kifin nan da ake ci da ƙaya.

Kuma dan Allah in ka ga masu tallan mai 50,000 IU a Facebook suna cewa a sha kullum, kar ka kusance shi. Wannan ba irin bitamin C bane da zaka fitsarar da rarar, taruwa yake a jiki ya tara kalsiyam a jini ya taɓa ƙoda da zuciya. Iyakar da suka sa wa babba a nan 4,000 IU ne a rana sai dai in likita ne ya rubuta.

Zan ba mai tahowa kwalba ɗaya ƙarama ta 400 saboda Hajiya, a ajiye sai an ji ta bakin likita. Kuɗin sauran biyun na saya maka safar hannu da hular sanyi ta hawa babur, nasu na da kyau gaskiya. In zai dawo ku haɗo min da busasshiyar citta da kanumfari da masoro da yaji, ta nan ɗanya ce ƙatuwa ba ta da zafi ko kaɗan, shayin da nake yi da ita kamar ruwan wanke kofi. Zuma kar ta wuce kilo biyu, kilishi kuma kar ma a fara, nama baya shigowa, a filin jirgi zasu ƙwace su zuba a shara yana kallo. A gaida Hajiya, ace mata zan kira ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku.