Kamfas da rula, ko ma'aunin kusurwa?

Duk akwatin lissafin da ɗalibi zai saya a Kasuwar Wunti akwai kamfas da rula a ciki, akwai kuma ma'aunin kusurwa. Yawancin yaranmu na Bauchi ma'aunin suka fi so don ba ya cin lokaci: ka ɗora, ka ɗiga, ka ja layi, shi ke nan. Kowace kusurwa yana ba ka, ko digiri 37 ce. Sai dai ido ne alƙali, hannu na ɗan gocewa digiri ɗaya ya tafi.

Kamfas kuwa sai da haƙuri. Kafa tsininsa a bakin layi, ja baka ya yanke layin. Mayar da tsinin inda ya yanka, kada ka taɓa buɗinsa, sake ja. Inda bakan biyu suka haɗu digiri 60 ke nan cif, domin alwatika ce mai gefuna daidai. Raba ta biyu ka sami 30, raba 90 ka sami 45, ƙara 15, wato rabin 30, kan 60 ga 75. A jarrabawar WAEC ko NECO in aka ce kamfas da rula kaɗai, waɗannan zane-zanen ake dubawa, don Allah kada a goge su. A kuma feƙe fensir, a ɗaure sukurun kamfas.

Amma digiri 20, wato 60 a raba ta uku, ba ta fitowa ta nan. Pierre Wantzel, ɗan Faransa, ya tabbatar a 1837 cewa ba kowace kusurwa kamfas da rula ke raba ta uku ba. Nan dole sai ma'auni. Ni dai kamfas nake fara ba yaro, ma'aunin ya biyo baya don duba aiki.