Garin Lycopodium: abin da ake sayarwa a Jamus da wanda za a kawo maka a Legas

Yaya, ga bayanin garin da malaman kimiyya ke tambayarka a shagonka na Agege. Ba haɗi ba ne, ƙwayoyin haihuwa ne na wani tsiro mai yaɗo a ƙasan daji, Lycopodium clavatum. A ƙarshen bazarar Turai ake yanke kawunansa, a shanya a kan takarda, a kakkaɓe, a tankaɗe. A Jamus doka ta hana tsinkarsa, saboda shekaru yake yi kafin ya kama ƙasa, don haka nan ma shigo da shi ake yi daga ƙasashe irin su Sin da Nepal.

A nan Jamus kantin magani zai yi maka odarsa, yawanci washegari ya iso, a rufe, da nauyinsa da gargaɗin wuta a jiki. Akwai tsada. Amma kuɗin tabbaci ne kake biya, don na buɗe da ake aunawa a leda ana iya cuɗa shi da sitaci ko hodar jiki.

To kafin ka biya dillali, gwada. Na gaske ruwan ɗorawa ne mai haske, yana zuba kamar ruwa. Barbaɗa shi a kofin ruwa ka tsoma yatsa, zai fito a bushe, domin garin ba ya jiƙa da ruwa. Ɗiga masa aidin: in ya koma shuɗi, da sitaci a ciki. Irin wannan ne ke dunƙulewa da damshin Legas.

A makaranta ana barbaɗa shi a faranti mai ruwa, a ɗiga mai a tsakiya, ya ture garin ya yi da'ira, a auna faɗinta a lissafa kaurin man. Gaya wa malamai su sa kaɗan. In ya yi yawa, man ba ya bajewa, gefen ya fito a tsattsage. Faranti mai maiƙo ma yana ɓata aikin.

Maganar wuta fa, a tare da ƙyar yake kamawa, amma in ya tashi a iska ya tarar da ashana, bal yake yi. Shi ya sa masu wasan dandamali ke amfani da shi. Ajiye shi nesa da janareto, a kwalba mai murfi. Mai asma kada ya shaƙa, kuma kada a zuba a gyambo kamar yadda aka yi a da, yana haddasa ƙulli a nama.

Ba zan ba matafiyi ya riƙo maka ba, kaya ne mai kama wuta, ba a sa shi a jakar jirgi.