Kafin ka sayi jadawalin sinadarai, duba kusurwar ƙasa ta dama

Duk wanda zai sayi jadawalin sinadarai, wato periodic table, ko don bangon aji ko don ɗansa da ya shiga ajin kimiyya, shawarata ta farko ita ce kada launi ya ruɗe shi. Ya kai idonsa kusurwar ƙasa ta hannun dama, akwati mai lamba 118. Idan ya ga Og, alamar sinadarin oganesson, jadawalin na zamani ne. Idan ya ga Uuo, alamarsa ta wucin gadi kafin a raɗa masa suna, ko wurin ba komai, tsohon bugu ne. Tun a watan Nuwamban 2016 ƙungiyar IUPAC, wadda ke raɗa wa sinadarai suna, ta tabbatar da sunayen huɗun ƙarshe: Nh a 113, Mc a 115, Ts a 117, da Og a 118. Amma har yau ina shiga kantin littattafai in tarar da tsofaffin a rataye, ana sayar da su da kuɗin sababbi.

Wani zai ce me ruwan ɗan aji ɗaya na babbar sakandare da sinadari na 118, alhali ashirin na farko ake sa shi ya haddace? Ba za a tambaye shi Og a WAEC ko NECO ba, na yarda. Sai dai jadawalin da ya tsufa a wannan kusurwar, yawanci ya tsufa a wasu wuraren. Babban misali shi ne lambobin da ke saman ginshiƙai. Tsofaffi suna rubuta IA, IIA, IIIB da makamantansu, kuma Amurka da Turai ba su ma daidaita kan wane ginshiƙi ne A wane ne B ba. Wannan ruɗanin ya sa IUPAC ta koma 1 zuwa 18 a 1988. Littattafai da yawa da ɗalibanmu ke riƙe da su kuwa har yanzu da lambobin Rumawa suke aiki. Saboda haka jadawalin da ya fi mana amfani shi ne mai ɗauke da tsarin biyu, ɗaya a saman ɗaya, domin yaro ya gane cewa rukuni na VII na littafinsa shi ne ginshiƙi na 17 na bango.

Sai maganar abin da aka buga shi a kai. Na takarda mai sheƙi ya fi araha, kuma rubutunsa yakan fita tsaf. Matsalarsa ajujuwanmu: ƙurar hunturu, danshin damina, rana ta taga, ga gara. Da wuya ya shekara biyu bai koɗe ko ya yage ba. Na leda mai kauri, irin wanda ake buga tallan taro a kai, ya fi jure wahala, ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, ana naɗe shi lokacin hutu. A nan ne zaɓina yake. IUPAC tana ba da jadawalinta kyauta a shafinta na intanet. Mutum ya sauke shi, ya kai wa masu buga irin wannan ledar, ya faɗi girman da yake so. Abu ɗaya za a kula: a kai musu ainihin fayil ɗin, ba hoton da aka ɗauka daga fuskar waya ba, in ba haka ba lambobi za su fito dishi-dishi. Na IUPAC bai da ado, kuma 1 zuwa 18 kawai yake da su, amma malami zai iya ƙara lambobin Rumawa da alƙalamin maka a sama.

Girma kuwa, ɗan bencin baya ne ma'auni. Ka rataye shi, ka koma ƙarshen aji, ka ga ko kana iya bambanta Co da Cu. Jadawalin da aka cusa wa kowane akwati bayani goma, zafin narkewa, shekarar ganowa, hoto, yana burge mai saye, amma daga nesa ba a ganin komai. Na bango abu huɗu sun ishe shi: alama, suna, lambar atam, nauyin atam. Launi ya raba ƙarafa da waɗanda ba ƙarafa ba, kuma a sami bayanin launin a gefe. Sauran bayanan su tafi ƙaramin jadawali.

Wannan ƙaramin, girman takardar A4, a lulluɓe da leda, shi ne abin da nake so kowane ɗalibi ya samu a jakarsa. Kafin a biya, a gwada shi da abu biyu: nauyin Cl, wato klorin, ya nuna 35.5 ko 35.45, kuma lambar atam, wato 17, ta fita daban da nauyin. Na taɓa karɓo wasu daga wani mai bugu, sai da muka raba wa yara muka ga an sauya wa K da Ca wuri. Sati guda na yi ina gyara abin da suka riga suka kwafa.

Manhajar waya tana da nata amfanin. Shafin Ptable da manhajar ƙungiyar Royal Society of Chemistry kyauta ne, ka taɓa sinadari bayaninsa ya buɗe. Sun dace da malami mai shirya darasi da ɗan jami'a. Amma waya na buƙatar caji, makarantu da yawa sun hana ta, kuma ƙaramar fuska ba ta nuna jadawalin gaba ɗaya yadda ido zai saba da shi. Ganin tsarin baki ɗaya kuwa shi ne amfanin abin. Mendeleev ɗan Rasha, da ya jera sinadarai sittin da uku a 1869, guraben da ya bari a tsarin ne suka sa ya siffanta waɗanda ba a gano ba tukuna, har aka samu Ga a 1875 da Ge a 1886 kusan yadda ya faɗa. Yaron da ke kallon bango kullum zai fara lura da kansa cewa Na da K 'yan ɗaki ɗaya ne.

Akwai kuma wanda ake talla a intanet, roba mai kama da gilashi da ɓurɓushin sinadarai na gaske a ciki. Kyakkyawa ne a kan tebur, amma yana da tsada, ƙarami ne, kuma manyan sinadaran ƙarshe ba yadda za a yi su kasance a ciki, tunda wasunsu ko daƙiƙa ɗaya ba sa kaiwa suke rushewa. Makaranta mai ƙaramin ƙarfi ta bar shi. Da kuɗin sai a buga babba na bango, a manna ƙananan takardu da sunayenmu a jikinsa: zinariya a Au, azurfa a Ag, dalma a Pb, farar wuta a S, zaiba a Hg, kuzar Jos a Sn, yuraniyam na Arlit a U. A zagaye N da P da K da jan alƙalami, yaran manoma su ga cewa haruffan buhun taki daga nan suka fito.