Jirgin fiton Bodø zuwa Moskenes: gwada tsawon motarka kafin ka yanki tikiti

Wanda ya ɗauki hayar motar kwana, wato irin mai gado da murhu da banɗaki a ciki, da niyyar zaga tsibiran Lofoten a arewacin Norway, hanyar da ta fi masa sauƙi ita ce jirgin fiton kamfanin Torghatten da ke tashi daga birnin Bodø. Yana ratsa tekun Vestfjorden cikin sa'o'i 3 da 'yan mintoci, ya sauke ka a Moskenes, kimanin kilomita 5 daga ƙauyen Reine. In ka ce ta ƙasa za ka bi, sai ka hau titin E6 har Bognes, ka yi fiton sa'a guda zuwa Lødingen, sannan ka gangaro ta E10. Tafiyar ta haura kilomita 400, ga tsadar man dizal a ƙasar. Jirgin ya ci kuɗinsa, amma sai ga wanda ya shirya.

Tsawon mota ne ke yanke kuɗi, ba yawan mutanen da ke cikinta ba. Mota mai mita 6 zuwa ƙasa tana rukunin ƙananan motoci. Da ta haura ko da ɗan taƙi ne, ta faɗa rukuni na gaba, kuma ratar kuɗin tsakanin rukunin farko da na biyu ba ƙarama ba ce. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne ƙarfen ɗaura kekuna da ke bayan motar. Takarda ta ce mita 5.99, amma da kekuna a kai ta wuce 6, kuma da cikakken tsawon ake lissafi. A sa ma'auni a gwada tun a harabar masu ba da haya. Ga hanyoyin Lofoten ma gajeriyar ta fi: E10 tana matsewa sosai wajen Hamnøy, akwai gadoji masu layi ɗaya da danja ke ba da hannu a kansu, kuma doguwar mota wahala ce wajen juyawa.

Wani kaso ne kawai na filin jirgin ake kamawa ta intanet, da ɗan ƙarin kuɗi. Sauran na 'yan layi ne, wanda ya riga zuwa shi ke shiga. Daga tsakiyar Yuni zuwa Agusta, mai babbar mota da bai kama wuri ba zai iya ganin jirgi ya cika ya tashi a gabansa, ya zauna jiran na gaba. Wannan shi ne babban aibin hidimar, domin buƙata ta fi wuri yawa a lokacin. Wanda ya kama wuri kuma ya iso aƙalla minti 45 kafin tashi, in ba haka ba a mayar da shi layin gama-gari. Jiragen dare da na asuba sun fi rangwamen cunkoso, kuma babu fargabar tuƙi cikin duhu, don daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa a can. Musulmi ya nemi bayanin malamai kan lokutan salla tun kafin ya bar gida.

A duba jadawali da kyau. Wasu jiragen sai sun biya ta tsibiran Værøy da Røst, tafiyar ta kusa ninkawa.

Kafin shiga, a rufe tukunyar gas daga kanta, dokar jirgi ce. Firjin da ke aiki da gas zai mutu ke nan, don haka a sanyaya shi sosai tun da wuri, a bar shi a rufe. A ja birkin hannu, a bar motar cikin giya, a kulle kowace durowa, a kashe ƙararrawar ɓarayi domin girgizar jirgi na tayar da ita. Ba a zama cikin mota yayin fito, saboda haka a hau sama da rigar sanyi da magani da abin caji. Zauren fasinja na da tsabta da ɗumi, akwai kantin shayi da abin taɓawa, sai dai da tsada. Vestfjorden buɗaɗɗen teku ne. In iska ta taso jirgin na tangaɗi sosai, wani lokaci ma a soke tafiyar. Mai saurin jiri ya sha magani tun a layi, ya zauna a tsakiyar jirgi.

Bayan sauka, kada a ɗauka ko'ina wurin kwana ne. 'Yancin yada zango a dajin Norway bai ba mota damar hawa ciyayi ba, kuma wurare da dama kusa da Reine an kafa allon hana kwana. Tankin banɗaki a juye shi a wuraren da aka tanada, ana rubuta musu tømmestasjon. Akwai sansanin motoci dab da tashar Moskenes, ya dace da mai saukar dare. Kilomita 5 kudu da nan ƙauyen Å yake, inda E10 ta ƙare. Manyan katakan shanya da ke gefen hanya na busar da kifi ne, kuma kawunan kifin da ake busarwa a wurin, Najeriya ce babbar kasuwarsu.