Alhaji Imam da Shaihu Umar: wa ya tafi da ƙafarsa, wa aka tafi da shi?

Ƙanwata, kin ce kin karanta Ruwan Bagaja da Shaihu Umar a jere. Alhaji Imam, jarumin Ruwan Bagaja, ya shiga ranki duk da ƙaryarsa da damfararsa, shi kuwa Shaihu Umar, mutumin kirki, har kika rufe littafin bai motsa miki zuciya ba. Kina tambaya ko marubucin ne ya gaza. Ni ban ga gazawa ba. Na daɗe ina karanta wa ɗalibai littattafan nan biyu a wata sakandare a nan Sakkwato, kuma kusan kowace shekara sai an yi mini irin tambayarki.

Littattafan tagwaye ne. Gasa ɗaya ta haife su, wadda Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933, aka buga su a 1934. Abubakar Imam, marubucin Ruwan Bagaja, an haife shi a 1911, Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar, a 1912, dukansu sun yi Kwalejin Katsina, dukansu malaman makaranta ne lokacin da suka rubuta. Samari ne 'yan shekara ashirin da ɗoriya. Har ginin labarin ya yi kama: Alhaji Imam yana zaune a Kwantagora yana ba Koje Sarkin Labari tarihinsa, Shaihu Umar yana zaune a Rauta, kusa da Bauci, yana ba almajiransa nasa.

Ga wani abu da ba a cika lura da shi ba. Duk labaran biyu daga fada suka taso, kuma daga wulaƙanta mijin uwa. Liman, wanda ya auri uwar Alhaji Imam ya riƙe shi, ya ce ruwan Bagaja ne maganin ciwon ɗan sarki, aka muzanta shi a gaban jama'a. Makau, wanda ya auri uwar Umar, 'yan'uwansa fadawa ne suka yi masa sharri bayan an dawo daga harin bayi, Sarkin Kagara ya kore shi daga gari. To daga nan hanya ta rabu. Alhaji Imam ya ji zafin abin, ya ɗaura ɗamara, ya fita da ƙafarsa don ya wanke Liman. Umar kuwa yaro ne ƙarami sa'ad da abin ya faru. Bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Ki bi tafiyar Umar ki ƙirga sau nawa ya yanke shawara da kansa. Uwarsa ta tafi Fatika ganin iyayenta ta bar shi hannun ƙawarta, aka sace shi. Kura ta kashe ɓarawon, wasu suka tsince shi. Mahara suka sake kwashe shi, ya faɗa Kano, ya shiga hannun Balarabe Abdulkarim, aka ƙetare hamada da shi zuwa Ber Kufa a ƙasar Masar, aka damƙa shi ga karatu har ya zama malami. Aka sace, aka tsinta, aka kai, aka damƙa. Kusan duk rayuwarsa da “aka” ake ba da ita. Sai da begen uwa ya taso masa, yana babba, sannan muka ga ya ɗaga ƙafa don ransa ya so.

Alhaji Imam kuwa bakinsa cike yake da “na yi”. Ki tuna inda ya shiga wani gari ya yi shigar malamai alhali ba karatun, Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wanda suke ta karo da shi a cikin labarin, ya zo zai tona masa asiri. Ya zana wani lanƙwasasshen layi a ƙasa ya ce Zurƙe ya karanta. Zurƙe, da yake ya yi allo, sai ya kama lissafa haruffan da suka yi kama da zanen. Alhaji ya ce duk ba haka ba, jinjirin wata ne. Mutanen gari suka duba, suka ga ai kuwa wata ne, suka yi wa mai ilmin ature. Duk ajin da na karanta wa wurin nan sai ya kece da dariya, ni ma haka. Amma idan dariyar ta lafa nakan tambaye su: wa aka kora, mai gaskiya ko maƙaryaci? Abubakar Imam yana nuna mana yadda jahilci ke ɗaure wa ɗan damfara gindi, kuma ya nuna ta bakin ɗan damfarar da kansa, shi ya sa ba mu ji ɗacin maganin ba. Wanda ya zauna zauren malamai a garin nan ya ji ana jan Muƙamatul Hariri, wani tsohon littafin labarai na Larabci, zai gane irin wannan gini, inda mutum biyu ke rabuwa a wani gari su sake karo a wani, kowane karo da sabuwar dabara. Masana sun daɗe da nuna wannan dangantaka.

Saboda haka gwada Alhaji da Umar kafaɗa da kafaɗa kamar gwada mahayi ne da kayan da ke bisa raƙumi. Ɓalewa da gangan ya yi Umar haka, a ganina. Labarin bauta yake bayarwa, ita kuwa bauta ainihinta ke nan, a raba mutum da zaɓinsa. Da ya ba Umar wayon Alhaji, ya riƙa kuɓucewa daga kowane tarko yana dariya, da littafin ya yi mana ƙarya. Kuma ki sani a 1933 maganar nan ba tsohon zance ba ce. Sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Waɗanda aka kama suna yara a ƙarshen ƙarni na 19 suna nan da ransu lokacin da littafin ya fito, wasu a gidajen masu karanta shi.

In kina neman wanda za ki ajiye gefen Alhaji Imam a littafin Ɓalewa, ki ɗauko uwar Umar. Ita ce ta fita nema. Alhaji ya bar gida don ruwa, ita ta bar gida don ɗa. Shi yana da baki da dabara, in ta ƙure masa har aljannu sun taimake shi. Ita ba ta da komai sai ƙafarta da yarda da mutane, kuma yardar ce ta kashe ta: a Kano ta amince wa Ado da ya ce zai kai ta inda ɗanta yake, ya mai da ita baiwa, aka bi da ita Murzuk har Tarabulus. Damfarar da ke ba mu dariya a Ruwan Bagaja ita ce dai a nan, sai dai wannan karon muna tsaye a gefen wanda aka damfara. Alhaji ya komo da ruwa, ɗan sarki ya warke, Liman ya fita kunya. Ita ma ta sami abin da ta fita nema, ta ga ɗanta da idonta a Tarabulus, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta cika.

Inda zan yarda da ke shi ne muryar Umar. Yana ba da labarin mutuwar uwarsa, da guguwar rairayin da ta binne ayarinsu ya tsira shi kaɗai, da murya ɗaya, a natse, kamar mai karanta wasiƙar wani. Akwai wuraren da na so a ce Ɓalewa ya bar shi ya yi kuka a gabanmu. Sai dai nakan tuna wa ke magana kuma a gaban wa. Dattijon malami ne a tsakiyar almajiransa, kuma mu a nan mun san dattijan da in suna faɗin rasuwar ɗansu ba abin da za ki gani sai tasbaha ta ɗan tsaya a hannu, sannan ta ci gaba. Haƙuri da yarda da ƙaddara su ne jigon da aka fi faɗa wa ɗalibai, kuma gaskiya ne, amma a ƙarƙashinsu akwai tuhuma mai nauyi a kan fadawa masu sharri da fataken mutane.

Wata shekara, lokacin zafin bazara, muka fito da benci ƙarƙashin dogon yaro don aji ya ƙi zaunuwa. Na karanta musu tun daga shigar uwar Kano har rasuwarta. Wata yarinya da ke zama a baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ja gefen hijabinta ta share ido, ta ce, “Malam, to don me ba a sa wa littafin sunanta ba?”

Ki koma ki sake karanta wannan yankin kaɗai, daga Kano zuwa Tarabulus, sannan ki gaya mini abin da kika ji.