Ƙananan wasannin bol na jami'o'in Amurka: waɗanne ne suka cancanci kuɗinka da lokacinka

Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu tashar ESPN ba ta rabuwa da wasannin bol, wato wasannin rufe kaka na ƙwallon ƙafar Amurka ta jami'o'i. Sun haura 40 a shekara. Kaɗan ne daga ciki ke ƙarƙashin gasar fitar da gwani, wadda aka faɗaɗa daga ƙungiyoyi 4 zuwa 12 a kakar 2024. Sauran, sama da 30, wasa ne guda ɗaya tak: a buga, a miƙa kofi, kowa ya kama gabansa. Su muka sa a sikeli a nan, a matsayin hajar da ake sayar wa mai kallo da kuɗin tasha ko na tikiti, da kuma kusan sa'o'i uku da rabi na lokacinsa.

Hukuncinmu shi ne har yanzu hajar tana da kyau, amma ga wanda ya iya zaɓe, kuma a talabijin. Ɓarnar da janyewar 'yan wasa daga buga bol ta yi ba a mafi ƙanƙantar wasannin take ba. Tana cikin na tsakiya, inda ake tallata sunan babbar jami'a alhali mutanen da suka yi mata sunan a kakar ba sa filin.

Sharaɗin shiga mai sauƙi ne: ƙungiya ta ci wasa 6 cikin 12. Idan masu shida ba su cike gurabe ba, sai a ɗauko masu nasara 5 bisa makin karatun 'yan wasansu. Saboda haka tun asali ba zaratan ƙungiyoyi aka yi wa mai kallo alkawari ba. Alkawarin shi ne zai ga ƙungiyoyi biyu da ba sa haɗuwa a cikin kaka, kowace da cikakken ƙarfinta. Wannan kashi na biyu ne ya fara zubewa.

Ta kafa uku yake zuba. Ta farko ita ce zaɓen sabbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, da ake yi zagaye-zagaye a Afrilu. A ranar 1 ga Janairu 2016 Jaylon Smith na Notre Dame ya ji mummunan rauni a gwiwa a Fiesta Bowl. Ana sa ran a ɗauke shi cikin 'yan farko, sai ya faɗo zagaye na biyu, na 34, hannun Dallas Cowboys. A Disambar wannan shekarar Christian McCaffrey na Stanford ya ƙi buga Sun Bowl, Leonard Fournette na LSU ya ƙi buga Citrus Bowl. An yi ta sukarsu, amma aka ɗauki Fournette na 4, McCaffrey na 8. Jake Butt na Michigan kuwa ya buga Orange Bowl a watan, jijiyar gwiwarsa ta tsinke, sai a zagaye na biyar aka ɗauke shi. Duk matashin da ya ga waɗannan sunaye huɗu a jere ya san lissafin da zai yi, kuma ba mu ga laifinsa ba. Tazarar kuɗi tsakanin zagayen farko da na biyar miliyoyin daloli ce, kyautar da dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta yarda masu shirya bol su ba ɗan wasa kuwa 'yan ɗaruruwan daloli ce.

Ta biyu, wadda a ganinmu ta fi ta farko ɓarna, ita ce rajistar sauya sheƙa, inda ɗan wasan da ke son komawa wata jami'a yake sa sunansa. Zaɓen NFL yana ɗauke taurari biyu ko uku. Rajistar tana kwashe 'yan benci da na tsakiya, su goma ko ashirin a lokaci guda. A 2024 an buɗe ta daga 9 ga Disamba, daidai lokacin atisayen bol, kuma wanda ya yi jinkiri sai ya tarar an raba gurabe a jami'ar da yake nema. Ta uku ita ce tafiyar koci, kuma ita ke jawo ta biyu. Jami'ar Marshall ta ci kofin Sun Belt, rukunin jami'o'in da take fafatawa a ciki, a 2024, kocinta Charles Huff ya koma Southern Miss, 'yan wasa suka yi tururuwa zuwa rajista, jami'ar ta janye daga Independence Bowl gaba ɗaya. Aka nemo Louisiana Tech mai nasara 5 ta maye gurbi a Shreveport inda ake buga wasan, Army, ƙungiyar makarantar soja wadda ita ma ta ci kofin rukuninta, ta doke ta 27 da 6. Wanda ya sayi tikiti don ya ga zakarun rukunoni biyu bai ga abin da ya biya ba.

Ba kowace janyewa ce ke kashe wasa ba, kuma nan ne masu kallo da yawa ke kuskuren lissafi. Rashin mai gudu da ƙwallo ko mai cafkewa guda ɗaya abu ne da ake cikewa, domin galibi akwai na biyu da ke jiran dama. Rashin kwatabak, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari, caca ne: wani lokaci na bayansa ya fi yunwa. Caleb Williams, kwatabak ɗin USC, bai buga Holiday Bowl ta 2023 ba, Miller Moss ya shiga ya jefa ƙwallayen ci shida, USC ta doke Louisville 42 da 28. Abin da ba ya cikuwa shi ne layin mutum biyar da ke tsare kwatabak. Aikinsu na haɗin baki ne, kowa ya san wanda zai tare idan masu kai hari sun sauya matsayi. Idan biyu ko uku suka fita, sai ka ga ana kayar da kwatabak kafin ya ɗaga hannu, ana tara laifin motsi kafin a fara, ana buga ƙwallo da ƙafa a miƙa wa abokan karawa bayan yunƙuri uku. Wasa ya zama na wahala ga ido. Haka nan masu tsaron baya: idan sababbi ne, kuskure ɗaya na rabon aiki ya isa a zura musu ci daga yadi 60.

Sai kuma yawan mutane kansa. LSU ta je Texas Bowl a Janairun 2022 da 'yan wasa masu tallafin karatu ƙasa da 40, ba ta da kwatabak na ainihi, mai cafkewa Jontre Kirklin ne ya riƙe matsayin. Kansas State ta ci 42 da 20. Orange Bowl ta Disambar 2023 ba ƙarama ba ce, amma ita ce misali mafi muni: an hana Florida State gurbin gasar fitar da gwani duk da ba a ci ta ko sau ɗaya ba a wasanni 13, 'yan wasanta sama da 20 suka rasa wasan, Georgia ta lallasa ta 63 da 3. A Disambar 2025 abin ya wuce 'yan wasa ya kai ga jami'o'i: Notre Dame ta ƙi karɓar gayyatar bol bayan an bar ta a wajen gasar fitar da gwani, Iowa State da Kansas State ma suka ƙi bayan sauyin kocinsu, rukunin Big 12 ya ci kowacensu tarar dala 500,000.

Yanzu a dubi ɗaya ɓangaren. A jajibirin Kirsimeti na 2024 South Florida ta doke San Jose State 41 da 39 a Hawaii Bowl bayan ƙarin lokaci sau biyar. Kwana biyu bayan haka, a Detroit, Toledo ta doke Pittsburgh 48 da 46 bayan ƙarin lokaci sau shida. A 2023 Old Dominion ta sha gaban Western Kentucky da 28 da nema a Famous Toastery Bowl, aka saka Caden Veltkamp daga benci, wanda shi kansa sunansa na cikin rajistar sauya sheƙa a lokacin, Western Kentucky ta farfaɗo ta ci 38 da 35. Duka ukun wasanni ne da ake kira ƙanana. Dalili a fili yake. 'Yan wasan rukunoni irin su MAC da Conference USA da Mountain West kaɗan ne cikinsu NFL ke jira, ga mai shekarar ƙarshe wannan shi ne wasansa na ƙarshe a rayuwa, kuma watakila shi ne karo ɗaya a shekara da duk ƙasar ke kallonsa ba tare da wani wasa yana gogayya da nasa ba. Ƙungiyoyin makarantun soja, Army da Navy da Air Force, su ma abin dogaro ne, don janyewa ba ta yi yawa a cikinsu ba.

Akwai wata riba da mai bin ƙungiya ɗaya zai gane. Ƙungiyar da ta samu bol tana samun ƙarin makonni na atisaye, kuma wasan bol ba ya shiga lissafin wasanni huɗu da ɗan wasa zai iya bugawa a kaka ba tare da an cire masa shekara daga shekarun da aka yarda ya buga wa jami'a ba. Saboda haka a bol ake fara ganin kwatabak na baɗi. Ga wanda bai san ƙungiyar ba, wannan ba ya ƙara masa komai.

Shagalin da masu tallafawa ke ƙarawa yana da nasa masoya. A Duke's Mayo Bowl ana kwarara wa kocin da ya ci bokitin mayonis a ka, a Idaho Potato Bowl soyayyen dankali ake zuba masa a kan shuɗin filin Boise, a Pop-Tarts Bowl kuwa 'yan wasa na cinye ƙaton kek ɗin da ke wakiltar kamfanin. Yana sa dariya, yana yawo a intanet, amma minti biyar ne a ƙarshen wasa. A Pop-Tarts Bowl ta 2024 aka ga sabon salon janyewa: Cam Ward na Miami ya buga rabin farko ya zauna, Iowa State ta ci 42 da 41. Wasan ya yi daɗi, amma mai kallo ba shi da hanyar sanin haka zai faru tun da farko.

Tikiti shi ne ɓangaren da ya fi rauni. Ana ɗora wa kowace jami'a kason tikiti a cikakken farashi, abin da bai sayu ba ita ke biya. Connecticut ta yi asarar kusan dala miliyan 1.8 a Fiesta Bowl ta Janairun 2011, galibi saboda wannan. Ga ɗan kallo kuwa, farashin 'yan sayar da na hannu yakan faɗi ƙasa da na jami'a yayin da ranar ke matsowa. Wasan da aka sa ranar aiki da rana, a garin da ke nesa da jami'o'in biyu, kujerunsa a buɗe suke. Masu shiryawa ba su damu sosai ba, tunda ESPN ce da kanta ta mallaki bol fiye da goma sha biyar, kuma ƙididdigar masu kallon talabijin take sayar wa masu talla. Sai dai idan ɗanka ko ƙungiyarka ke bugawa, kada ka biya jirgi da otal a ranar da aka sanar da haɗuwar.

Kafin ka ware wa wasa dare, duba abu huɗu kwana biyu kafin a buga. Kocin da ya ja kakar yana nan, ko na riƙon ƙwarya ne? Jerin 'yan wasan da jami'a ta fitar, mutum nawa suka sauya a layin mutum biyar masu tsare kwatabak? Fiye da ɗaya alama ce marar kyau. Wace ƙungiya ce ta so zuwa, wace ce aka tura bayan ta rasa abin da ta sa wa rai? Sannan farashin masu caca a Amurka, ko da ba ka taɓa harkar: idan tazarar maki da suka sa ta motsa da bakwai ko fiye cikin mako guda, akwai labarin janyewa a bayanta. NCAA ta mayar da buɗe rajistar sauya sheƙa zuwa 2 ga Janairu daga 2026, amma ɗan wasa na iya sanar da niyyarsa tun Disamba ya bar sansani, don haka binciken yana nan da amfaninsa.

Ga mai kallo daga Najeriya ko Nijar, a Disamba agogonmu yana gaban na gabashin Amurka da sa'o'i shida. Wasan ƙarfe 12 na rana a can yana farawa 6 na yamma a nan, na 3:30 yana farawa 9:30 na dare, na ƙarfe 8 kuwa sai 2 na dare. Ƙananan wasannin su aka fi sa wa da rana a can, saboda haka su ne ke faɗowa a lokacin da mutum zai iya kallo har ƙarshe ya kuma tashi aiki da safe.