Gargaɗi: GTX 1050 Ti na jabu, kuɗin 4GB katin 1GB

Jama'a, duk wanda ke neman tsohon katin girafiks don wasan kwamfuta ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗi. Akwai wani mai sayarwa a intanet da ke tallar GTX 1050 Ti mai 4GB, kwali sabo, fankoki biyu, har da tambari a jiki. Abin da ke ciki kuwa GTS 450 ne na shekarar 2010 mai 1GB. Kuɗin 4GB ya karɓa, 1GB ya turo. Katin yana gabana a kwance yanzu haka, kuma zan saka hotunan komai.

Kada wani ya zo yana ce mini araha ba ta ado, domin babu wata araha a nan. Farashin da ya sa daidai yake da na katin gaskiya na hannu, ragin da ya yi ɗan kaɗan ne, irin wanda ake yi wa kowa. Kuma an tambaye shi hujja. Ya turo bidiyo, ya buɗe Device Manager, wurin da Windows ke jera kayan da ke cikin kwamfuta, a gaban kyamara, ga suna nan ɓaro-ɓaro: NVIDIA GeForce GTX 1050 Ti. Ya buɗe bayanan allo, ga memori 4096MB. Har wasa ya kunna a bidiyon, yana tafiya sumul. Wannan bidiyon nake ta komawa ina kallo. Wasan da ya zaɓa tsoho ne, ba ya cin memori ko 1GB, shi ya sa bai tsaya ba. Ya san abin da yake yi sarai.

Ga yadda ake haɗa damfarar. Kowane kati yana da ƙaramin BIOS nasa, wato 'yar manhajar da ke cikin katin, inda aka rubuta lambar shaidarsa da yawan memorinsa. Windows ba ya leƙa cikin ƙarfen, abin da BIOS ya faɗa masa shi yake nunawa. Sai 'yan damfarar su samo tsofaffin GTS 450 ko GTX 550 Ti, su sake rubuta BIOS ɗin, su ɗora sabon marfi da fankoki. GTX 1050 Ti na gaskiya ya fito a Oktoban 2016, ƙwaƙwalwarsa GP107, ƙwayoyin CUDA (ƙananan injinan lissafi da ke cikin ƙwaƙwalwar) 768, memori 4GB GDDR5, wuta wat 75. GTS 450 kuwa ƙwayoyinsa 192 ne kacal, kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, kuma wutar da yake ci ta haura wat 100. Ƙwaya 192 a madadin 768, 1GB a madadin 4GB.

Ƙaryar memorin ita ce ta fi ɓarna. Da a ce katin ya faɗi gaskiya cewa 1GB gare shi, wasa zai tura ragowar kayansa zuwa RAM, wato memorin kwamfutar kanta, ya yi nauyi amma ya ci gaba. Da yake BIOS ya ce 4GB ne, wasan zai ci gaba da zuba hotuna a wurin da babu shi. Da zarar an haye 1GB sai launuka su wargaje, ɗige-ɗige su cika allo, ko wasan ya rufe kansa, wani lokaci kwamfutar duka ta daskare.

Kafin wannan ma, tun ranar da aka buɗe kwalin akwai faifan direba (manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da katin) a ciki, kuma mai sayarwar ya riga ya rubuto cewa a yi amfani da na faifan kawai, wai shi ya fi dacewa da katin. Maganar ta yi kama da shawarar wanda ya san sana'arsa. Dalilinsa shi ne jerin Fermi, wanda GTS 450 ke ciki, an daina yi masa sabon direba tun 2018, na ƙarshe shi ne 391.35. Sa sabon direba daga shafin kamfanin NVIDIA, sai ko dai ya ƙi shiga, ko Windows ya buga alamar matsala ta Code 43, allo ya koma manyan haruffa. Da aka gaya masa haka cewa ya yi kwamfutar ce ke da matsala. Bayan nan ya daina amsawa. A'a, kafin ya daina sai da ya ce a sake sa Windows tukuna. Saƙonnin duk suna nan, zan haɗa su da hotunan.

Sai ƙofar VGA, wannan shuɗiya mai ramuka 15. Jerin GTX 10 ba ya fitar da siginar analog da kansa, saboda haka abin da aka saba gani a bayan 1050 Ti shi ne DVI-D da HDMI da DisplayPort. Katin da ya turo yana da VGA, babu DisplayPort. A hotunan tallar ba a nuna bayan katin ba ko sau ɗaya, gaba da kwali kawai. Wanda bai ga bayan ba ta ina zai sani?

Manhajar GPU-Z, wadda ke nuna bayanan cikin katin girafiks, ce ta gama tona asirin. Tun 2018 take rubuta [FAKE] a gaban sunan irin waɗannan katunan, amma ko ba ta rubuta ba, a duba gurbin GPU da na ƙwayoyi: GF106 ko GF116, nanomita 40, ƙwaya 192. Na gaskiya GP107 ne, nanomita 14, ƙwaya 768. Da aka kwance kusoshi huɗun da ke riƙe da ƙarfen sanyaya, aka goge busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwar, sai ga saman an kankare shi, an shafe rubutun. Jikin katin kuma ya yi duhu a kewayen inda wuta ke shiga, alamar shekarun da ya yi yana aiki.

Abin haushin shi ne tsohon kati na gaskiya bai mutu ba. 1050 Ti na asali har yanzu yana ɗaukar GTA V, Fortnite, Valorant da Dota 2 a 1080p idan an rage saiti. Iyakarsa sananniya ce: 4GB ya yi kaɗan ga manyan wasannin yanzu, kuma irin su Indiana Jones and the Great Circle na 2024 da Doom: The Dark Ages na 2025 ba sa buɗewa sai da kati mai ray tracing, wato fasahar lissafa haske da inuwa. Mai saye ya san wannan, ya yarda, ya biya. Abin da bai yarda da shi ba shi ne a karɓi kuɗin katin 2016 a ba shi na 2010. Irin wannan damfarar ake yi da katin RX 580 na kamfanin AMD ma: na asali ƙwayoyinsa 2304, amma ana cusa wa mutane mai 2048, wanda ƙarfinsa na RX 570 ne.

Kada ku karɓi hoton Device Manager a matsayin hujja. Ku nemi hoton bayan katin da bidiyon GPU-Z, ku sa sabon direba da hannunku, ku kunna wasan da zai ci fiye da 2GB na minti 20 kafin ku biya. In ya ce faifansa kawai za a yi amfani da shi, ku bar masa kayansa.